Daidaita Ma'auni a Binciken Ƙwayar Niyutirino: Yadda Ake Gwada Na'urar Awon Abin da Ido Ba Ya Gani

1.0 Gabatarwa

Awo yana daga cikin daɗaɗɗun al'amuran da rayuwar Bahaushe ta ginu a kansu. Yana da mudu da tiya domin hatsi, da kamu da taƙi domin tufa, da gaba domin igiya da zurfin rijiya, sa'annan daga baya sikeli ya shigo. Duk wanda ya saba shiga Kasuwar Kure ta Minna, ko wata babbar kasuwar hatsi, ya san cewa idan gardama ta kaure tsakanin ma'auni da mai saye, galibi a kan mudun take komawa: shin cikakke ne, ko kuwa an buge masa gindi? Hanyar raba wannan gardama guda ɗaya ce, wato a ɗauko wani mudun da kowa ya amince da shi a gwada su.

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan yadda masana kimiyyar fiziks suke fuskantar irin wannan matsala a wani fage da ya fi kowane wuya, wato awon ƙwayar niyutirino, wadda ba a ganin ta, ba a jin ta, kuma takan ratsa duniya sukutum ba tare da ta taɓa komai ba. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, darajar kowane sakamako da aka samu a wannan fage tana rataye ne a kan gwajin da aka yi wa na'urar awon tun da farko. Za a fara da fayyace kalmomi, a bayyana ƙwayar da tarkonta, a bi matakan daidaitawa ɗaya bayan ɗaya, a kawo darussa biyu daga tarihi, sa'annan a dubi inda al'amarin ya shafi Minna da Zariya.

2.0 Kalmomin da Aka Yi Amfani da Su

Domin guje wa ruɗani, ga ma'anar da aka ɗora wa wasu kalmomi a cikin wannan aiki:

(a) Ƙwayar zarra: mafi ƙanƙantar yanki na kowane sinadari. Tana da cibiya a tsakiya, da ƙwayoyin ilaktaron masu kewaya ta.

(b) Tiririn nukiliya: ƙwayoyi ko haske mai ƙarfi da ke fita daga cibiyar ƙwayar zarra yayin da take rikiɗa zuwa wani sinadari.

(c) Kuzari: ƙarfin da ƙwaya take tafe da shi. Ana ƙidaya shi da ma'aunin da ake taƙaitawa da haruffan MeV.

(d) Tarko: na'urar da aka gina domin kama alamar wucewar niyutirino.

(e) Idon lantarki: wata kwalba mai kama da ƙwan fitila, amma aikinta kishiyar nasa ne. Ƙwan fitila yakan karɓi lantarki ya ba da haske, ita kuwa takan karɓi haske ta ba da lantarki.

(f) Daidaita ma'auni: a ba na'ura abin da aka riga aka san adadinsa, a ga abin da za ta faɗa, sa'annan a ƙididdige bambancin. An fifita wannan a kan "saiti", domin saiti yana nuni ga murɗa na'ura har ta zo daidai, kamar yadda ake yi wa agogo, alhali a nan sau da yawa ba a taɓa na'urar ko kaɗan, illa dai a san iyakar karkatarta a riƙa cire ta cikin lissafi.

3.0 Ƙwayar Niyutirino

A ƙarshen shekarun 1920 masana sun lura cewa idan wasu cibiyoyin zarra suka rikiɗa suka harbo ilaktaron, kuzarin da ake samu bayan rikiɗar ba ya cika adadin da ake da shi kafin ta. Tamkar dai a zuba tiya goma a buhu ne, a juye a sami takwas, alhali buhun ba ya yoyo. A watan Disamba na 1930 Wolfgang Pauli ya kawo shawarar cewa akwai wata ɓoyayyiyar ƙwaya mai sulalewa da ragowar kuzarin. Enrico Fermi ne ya yaɗa sunan da ake kiran ta da shi, wanda a Italiyanci yake nufin 'yar ƙaramar aba marar cajin lantarki. Sai a 1956 Clyde Cowan da Frederick Reines suka kama alamarta a kusa da tukunyar nukiliya ta Kogin Sabana a Amurka.

An sani yanzu cewa niyutirino iri uku ce, kuma kowane iri yana da kishiya. Rana ita ce babbar masomarta a wajenmu: a kowane sakan ɗaya kimanin biliyan 65 ne suke ratsa fili mai faɗin farcen ɗan yatsa, dare da rana, domin kaurin duniya ba ya tare su. Haka kuma tana fitowa daga tukwanen nukiliya, da sararin samaniya, da duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Nahiyar Afirka tana da nata rabon a wannan tarihi, domin a watan Fabrairu na 1965, a wata mahaƙar zinariya ta Boksburg a Afirka ta Kudu, mai zurfin fiye da kilomita 3, Reines da Friedel Sellschop da abokan aikinsu suka ga alamar niyutirinon da ke samuwa a sararin samaniya, a daidai lokacin da wata ƙungiyar take samun irin wannan sakamako a mahaƙar Kolar ta Indiya.

4.0 Ginin Tarko da Yadda Yake Aiki

Tunda yake da ƙyar niyutirino take karo da wani abu, dabarar kama ta ita ce a tara abu mai ɗimbin yawa a zauna jira. Misali mafi shahara shi ne tarkon Super-Kamiokande na ƙasar Japan, wanda ya fara aiki a watan Afrilu na 1996. Tanki ne mai tsawon kimanin mita 41 da faɗin mita 39, an binne shi mita 1,000 a ƙarƙashin dutse, yana ɗauke da tan 50,000 na tataccen ruwa. Wannan ya yi daidai da jarka miliyan biyu mai cin lita 25. An jera idanun lantarki fiye da 11,000 a bangonsa na ciki, kowanne faɗinsa santimita 50.

Idan aka yi dace niyutirino ta bugi ilaktaron ko cibiyar zarra a cikin ruwan, sai wata ƙwaya mai caji ta fita a guje. Haske yana tafiyar kilomita 300,000 a sakan a sarari, amma a cikin ruwa yakan ragu zuwa kimanin 225,000, saboda haka ƙwayar tana iya tsere masa. Idan ta yi haka sai ta bar wani shuɗin haske a bayanta mai siffar mazurari, wanda ake kira hasken Cherenkov, kamar yadda kwalekwale mai gudu yake barin igiyar ruwa a gefensa biyu. Wannan haske yakan faɗa a bango a siffar zobe.

Abin lura a nan shi ne, babu abin da tarkon yake rubutawa sai abu biyu daga kowane ido: lokacin da haske ya iso, da yawan lantarkin da ya haifar. Daga waɗannan lambobi ne kawai ake fitar da wurin da karon ya auku, da inda ƙwayar ta dosa, da kuzarinta, da irinta. Bugu da ƙari, duk girman tankin, niyutirinon da yake kamawa a yini ba su kai hamsin ba. Ke nan akwai doguwar sarƙar lissafi tsakanin abin da ido ya gani da abin da masani zai sanar, kuma kowane ƙulli na sarƙar sai an gwada shi.

5.0 Matakan Daidaita Ma'auni

5.1 Daidaita Idanu

Idon lantarki yakan ninka ɗan siginar da ƙwayar haske ɗaya ta haifar har kimanin sau miliyan goma. Sai dai ko da masana'anta ɗaya ce ta ƙera su, ba a samun biyu da suke ninkawa daidai wa daida. Abin da aka yi a Japan yayin sake jera idanun tankin shi ne, an ware guda 420 an auna su da kyau a waje tun kafin a ɗaura su, aka rarraba su a sassan bango. Daga nan aka sa wata ƙwallo mai ba da haske a tsakiyar tanki, aka riƙa ƙara wa kowane ido ƙarfin lantarki ko rage masa har sai amsarsa ta yi daidai da ta zaɓaɓɓen idon da yake a matsayi irin nasa. Waɗannan 420 su ne matsayin mudun da kasuwa ta amince da shi.

5.2 Daidaita Lokaci

Ana gane wurin da karo ya auku ne ta hanyar kwatanta lokacin da haske ya isa idanu dabam-dabam, kamar yadda mai sauraro yake gane inda ganga take saboda sautin ya riga isa kunne ɗaya. Ma'aunin lokaci a nan shi ne nanosakan, wato kashi ɗaya cikin biliyan na sakan. A cikin nanosakan ɗaya haske yana cin kimanin santimita 22 a ruwa. Don haka idan wayar wani ido ta ɗara ta maƙwabcinsa tsawo, siginarsa za ta makara, lissafi ya kauce. Haka nan haske mai ƙarfi yakan sa ido ya amsa da wuri fiye da mai rauni. Maganin wannan shi ne a harba hasken leza ta cikin zaren gilashi zuwa tsakiyar tanki a lokacin da aka sani, da ƙarfi iri-iri, a rubuta jinkirin kowane ido a wani jadawali da za a riƙa gyara lissafi da shi.

5.3 Sanin Halin Ruwa

Ruwan da ke tsakanin wurin karo da bango shi ma wani ɓangare ne na ma'auni. A tataccen ruwan tankin haske yakan yi tafiyar mita 80 zuwa 100 kafin ya ragu zuwa kimanin sulusinsa, amma wannan adadi yana canzawa da 'yar ƙura ko ƙwayoyin cuta ko sauyin zafi, kuma saman tanki yana iya bambanta da ƙasansa. Idan ruwa ya ɗan dushe ba a sani ba, sai a ɗauka kuzarin ƙwayoyin ne ya ragu. Saboda haka ake harba leza mai launi dabam-dabam daga wurare da dama a kai a kai.

A tarkon IceCube da ke ƙuryar kudancin duniya matsalar ta fi haka tsanani, domin ƙanƙara ce a madadin ruwa, kuma ba a iya tace ta. An kammala shi a Disamba 2010, da idanu 5,160 a jikin igiyoyi 86, a zurfin mita 1,450 zuwa 2,450. Da zarar ramin ya daskare babu mai sake taɓa su har abada. Domin haka aka sa wa kowane ido ƙananan fitilu 12, yadda ɗaya zai haska sauran su duba. Ta wannan hanya aka zana taswirar ƙurar da ta kwanta cikin ƙanƙarar tun dubban shekaru, har da wani kauri mai duhu a wajen zurfin mita 2,000.

5.4 Ma'aunin Kuzari

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin. A tankin Japan, ilaktaron mai kuzarin MeV 10 yakan haska idanu kimanin 60 ne kacal daga cikin dubu goma sha ɗaya. Kafin a ce idanu 60 daidai suke da MeV 10, dole a shigar da ƙwayar da aka san kuzarinta. An yi amfani da wata na'urar harba ilaktaron, wadda asalinta ta asibiti ce, aka girke ta a saman tankin tana tura ilaktaron ɗaya-ɗaya ta cikin bututu zuwa wurare dabam-dabam, da kuzari daga MeV 5 zuwa 16. Hanya ta biyu ita ce a zura wata 'yar na'ura da ke mayar da oksijin na cikin ruwan zuwa naitirojin-16, wanda rabinsa yake rikiɗewa cikin kimanin sakan 7 yana fitar da hasken gamma mai MeV 6.13. Amfanin hanya biyu shi ne kowace ta zama shaida a kan 'yar'uwarta. Da haka aka kai ga sanin ma'aunin kuzari da kuskuren da bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Sababbin tarkuna sun fi matsa wa kansu. Tarkon JUNO na kudancin ƙasar Sin, wanda ya fara ɗaukar bayanai a watan Agusta na 2025 da tan 20,000 na wani mai mai walƙiya, an tsara shi da igiyoyi da bututu masu kai 'yan ƙullin sinadarai masu tiriri zuwa sassan cikinsa, domin tambayar da yake son amsawa, wato wane iri ne ya fi nauyi cikin niyutirino uku, tana ɓoye cikin 'yan ƙananan lanƙwasa na jadawalin kuzari.

5.5 Ma'aunan da Halitta ta Tanada

Akwai kuma ma'aunan da ba a saya ba. Wasu ƙwayoyi da ake kira miyuwon, waɗanda ke samuwa a sararin samaniya, sukan huda dutsen su shiga tankin Japan kimanin biyu a kowane sakan. Ta wata fuska su hayaniya ce da ake son kawarwa, ta wata fuskar kuwa kyauta ce, domin an san cewa miyuwon yana zubar da kimanin MeV 2 a kowane santimita na ruwa, kuma idan ya tsaya yakan rikiɗa cikin kimanin kashi biyu cikin miliyan na sakan ya fitar da ilaktaron da kuzarinsa ba ya wuce MeV 53. Tunda kullum suna zuwa, da su ake lura da ko ma'auni ya fara zamewa.

A IceCube har wata an mayar ma'auni. Wata yakan tare wasu ƙwayoyin da ke zuwa daga samaniya, saboda haka akan sami ɗan gurbi a daidai inda yake. Da masana suka ga inuwar wata ta fito a inda ilimin taurari ya ce yake, da saɓanin da bai kai digiri ɗaya ba, sai suka tabbata tarkonsu ya san gabas da yamma.

5.6 Gwaji da Niyutirino Kanta

Mataki mafi tsada shi ne a ƙera masomar niyutirino a kai ta cikin tarko. An fara yin haka a 1994 a tarkon GALLEX da ke ƙarƙashin dutsen Gran Sasso na Italiya, mai tan 30 na sinadarin galiyam. An gasa kuromiyam a tukunyar nukiliya ta Grenoble a Faransa har ya zama kuromiyam-51, wanda rabin ƙarfinsa yake tafiya cikin kimanin kwana 28, aka gaggauta kai shi. Gwajin ya nuna tarkon yana kama niyutirino yadda ya kamata gwargwadon abin da ake bukata a lokacin. Amma da aka haɗa sakamakonsa da na irin wannan gwaji a Baksan ta Rasha, sai aka ga abin da ake kamawa ya ɗan gaza lissafi, kuma wani gwaji da aka buga a 2022 ya sami giɓin kimanin kashi 20 cikin 100. Masana suna ci gaba da muhawara a kan sababinsa. Wannan ya nuna cewa gwajin ma'auni kansa yana iya buɗe sabuwar ƙofar bincike.

6.0 Darussa Biyu Daga Tarihi

Kuskuren awo iri biyu ne. Akwai na dace, kamar a tsoma hannu a buhu sau ɗaya a yanke hukunci a kan yawan tsakuwar da ke ciki. Wannan yawan maimaitawa yana rage shi. Akwai kuma na ma'auni, wanda maimaitawa ba ta yi masa komai: wanda ya auna buhu dubu da tauyayyen mudu, tauye dubu ya yi. Labarai biyu masu zuwa a kan iri na biyu suke.

6.1 Ma'aunin da Aka Zarga Alhali Yana da Gaskiya

A ƙarshen shekarun 1960 Raymond Davis ya girke tanki mai tan 615 na ruwan wankin tufafi mai sinadarin kulorin a mahaƙar zinariya ta Homestake a Amurka, a zurfin kusan mita 1,500. Niyutirinon rana takan mayar da ƙwayar kulorin zuwa agon-37, kimanin ƙwaya ɗaya a cikin kwana biyu. Bayan 'yan watanni sai ya busa iskar hiliyam ta cikin tankin ya tsamo waɗannan 'yan ƙwayoyi ya ƙidaya. Abin da ya samu sulusi ne kawai na abin da John Bahcall ya lissafa. Da yawa suka ce ai ba mamaki, wa zai tsamo ƙwaya goma sha daga tan ɗari shida bai zubar da wasu ba?

Amsar Davis ta mai awo ce. Kafin kowane zagaye yakan zuba sanannen adadi na wani nau'in agon marar tiriri a tankin, sa'annan ya auna nawa ya dawo masa, kuma kusan kashi 95 cikin 100 yake dawowa. Ya tsaya a kan sakamakonsa kimanin shekara talatin. A 1998 tarkon Japan ya nuna cewa niyutirino tana rikiɗa daga wani iri zuwa wani a kan hanya. A 2001 da 2002 tarkon Sudbury na Kanada, mai tan 1,000 na ruwa mai nauyi a zurfin kilomita 2, wanda yake iya ƙidaya duka iri ukun, ya nuna jimillarsu ta yi daidai da lissafin Bahcall. Ashe tankin Davis iri ɗaya kawai yake gani, sauran sulusi biyun sun sauya kama ne. Davis ya sami kyautar Nobel a 2002, Takaaki Kajita da Arthur McDonald suka samu a 2015.

6.2 Ma'aunin da Aka Amince da Shi Alhali Ya Karkata

A watan Satumba na 2011 ƙungiyar OPERA ta sanar cewa niyutirinon da ake harbowa daga cibiyar CERN kusa da Janiba zuwa Gran Sasso, tafiyar kilomita 730 ta ƙarƙashin ƙasa, suna isowa nanosakan 60 kafin lokacin da haske zai iso. Da hakan ya tabbata, da ginshiƙin nazarin Albert Einstein na 1905 ya girgiza. Ƙungiyar ta tara karo fiye da 15,000, ta auna nisan har zuwa santimita 20, kuma ta roƙi sauran masana su binciki aikinta. A watan Fabrairu na 2012 ita da kanta ta gano cewa zaren gilashin da ke kawo siginar lokaci daga tauraron ɗan'adam zuwa babban agogonta bai ɗauru sosai ba, ga kuma wani agogon da ke ɗan gudu fiye da ƙima. Zuwa watan Yuni na wannan shekara, tarkuna huɗu na Gran Sasso sun nuna gudun niyutirino bai saɓa wa na haske ba. Yawan karo 15,000 bai tsinana komai ba, domin duka ta zare ɗaya suka bi.

7.0 Inda Al'amarin Ya Shafi Minna da Zariya

Babu irin waɗannan manyan tarkuna a Nijeriya, amma masomar ƙwayar da kuma sana'ar daidaita ma'auni duk suna nan. Duwatsun giranit da suka kewaye Minna suna ɗauke da 'yan burbushin yuraniyam da toriyam da fotasiyam-40, kuma rikiɗarsu tana fitar da kishiyar niyutirino. Irin wannan ce, mai fitowa daga cikin ƙasa, tarkon KamLAND na Japan ya ba da rahoton ganowa a 2005. A Zariya kuma, Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da tukunyar nukiliya ta bincike mai ƙarfin kimanin kilowat 30, wadda ta fara aiki a 2004, aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyam marar ƙarfin tacewa a 2018. Bisa lissafin da aka saba, tukunya mai wannan ƙarfi, idan tana cikakken aiki, tana fitar da kishiyar niyutirino da yawansu ya kai shida da sifiri goma sha biyar a kowane sakan, suna ratsa garin ba wanda ya sani.

Abin da ya fi kusa da rayuwar jama'a shi ne awon hasken gamma. Masana fiziks na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983 take da mazauni a Bosso da Gidan Kwano, sun yi bincike da dama a kan tiririn da ke cikin ƙasa da duwatsu da wuraren haƙar zinariya na Jihar Neja. Na'urar da aka fi amfani da ita a irin wannan aiki ƙanwar tarkon niyutirino ce: wani dunƙulen gishiri mai walƙiya da idon lantarki ɗaya a manne da shi. Kafin a sa samfurin ƙasa, akan fara sa siziyam-137 mai hasken MeV 0.66, da kobal-60 mai MeV 1.17 da 1.33, domin a san inda kowane kuzari yake faɗawa. Sai an yi haka za a iya cewa wannan tudu na jadawali na fotasiyam ne a MeV 1.46, wancan kuma na zuriyar toriyam ne a MeV 2.61. Bayan haka akan auna wata ƙasa ta musamman da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta tabbatar da abin da ke cikinta, sa'annan a auna akwatin babu komai domin sanin hayaniyar ɗakin. A Zariya ma haka ake yi: akan gasa samfuri tare da wani da aka san abin da ya ƙunsa, a kwatanta.

Akwai wani tarnaƙi da ya kamata ɗalibi ya kiyaye. Shi ma ma'aunin gwajin yana tsufa. Rabin ƙarfin kobal-60 yana tafiya cikin shekara 5.27, na siziyam-137 cikin kimanin shekara 30. Ƙullin kobal da ya shekara goma da rabi a kabad rubu'in ƙarfinsa ne ya rage. Wanda ya kwafi lambar da ke jikin takardarsa bai duba kwanan wata ba, sakamakonsa zai kauce har ninki huɗu. Kuskure irin wannan ba ya tsayawa a takarda, domin ko dai a tayar wa mutanen ƙauye hankali a kan rijiyar da ba ta da laifi, ko kuma, wanda ya fi muni, a kwantar musu da hankali a kan ƙasar da suke gina ɗakunan kwana da ita alhali tana da illa.

8.0 Kammalawa

An ga a cikin wannan maƙala cewa tarkon niyutirino lokaci da lantarki kawai yake rubutawa, kuma ana isa ga sakamako ne ta hanyar gwada idanu, da agogo, da ruwa, da ma'aunin kuzari, kowanne da abin da aka riga aka san adadinsa, kuma ta hanya fiye da ɗaya. An ga yadda wannan gwaji ya kare Davis shekara talatin, da yadda ƙulli ɗaya da ya kuɓuce wa gwaji ya jefa ƙungiyar OPERA cikin ruɗani. An kuma nuna cewa ɗalibin da ke daidaita na'urar gamma a Minna ko Zariya ƙa'ida ɗaya yake bi da masu tankin Japan, bambancin na girma ne kawai. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma a wannan fage na'ura ake fara gwadawa kafin a saurari abin da za ta faɗa game da halitta. Ya rage ga masana harshe da na kimiyya su zauna tare su tace kalmomin da aka gabatar a sashe na biyu, domin mai haƙar zinariya da mai gina rijiya, waɗanda sakamakon awon ya fi shafa, su iya tambayar mai bincike da harshensu: da wane mudu ka auna, kuma yaushe aka gwada shi?